Jiki Magayi: Sikelin Da Ke Cikin Jikinmu

Jawabin 'yan ajin karatun manya a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya

Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakiyarta, ma'aji da sakatariya, malamanmu na aji, iyayenmu mata da suka riga mu shiga kasuwa, yayye da ƙanne, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

'Yan ajin karatun manya ne suka tsayar da mu a gabanku mu yi magana da bakinsu. Ma'aji ta riga ta karanta mana abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Mu kuma za mu yi magana a kan jarin da ba ya cikin littafinta, wato jikin da muke neman kuɗin da shi. Ranar da ya kwanta, rumfa a rufe take, zubin adashi kuma ba ya jira.

Abin da muka zo da shi ya fito ne daga darussan kiwon lafiya da aka saka mana a aji. Malamar asibiti takan zo ta koya mana, mu kuma mu rubuta a littafi a hankali, irin rubutun wadda ta fara riƙe biro da girmanta. Darasin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda jiki yake daidaita kansa sa'ad da mutum yake aikin ƙarfi. Ai ya shafe mu. A cikinmu akwai mai ɗaukar kwandon tumatir tun asuba, akwai mai wuni gaban kaskon ƙosai da awara, akwai mai surfe, da mai tuƙin tuwon sayarwa, da wadda sai ta ja ruwa a rijiya kafin ma ta fito. Masana suna yin gwajinsu a kan 'yan gudu da 'yan ƙwallo, amma tsokar da ke jikin ɗan ƙwallo irinta ce a jikin mai daka, dokar da ke tafiyar da su kuma ɗaya ce.

Wani likita Bafaranshe mai suna Claude Bernard, wanda ya rasu a 1878, shi ne ya fara jawo hankalin mutane cewa cikin jiki yana da nasa yanayi, kuma yanayin nan ba ya canjawa sosai ko da waje ya canja. Bayansa wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya raɗa wa abin suna homiyostasis a shekarun 1920. Sunan ya ba mu wahala a aji, sai da muka yi ta maimaita shi kamar 'yan aji ɗaya. Da Hausa muka ce masa daidaiton cikin jiki, kuma sikeli muka ɗauka a matsayin misali. Duk mai awo ta san kan sikeli ba ya tsayawa cak da zarar an zuba kaya. Yakan yi sama ya yi ƙasa, ki rage kaɗan, ki ƙara kaɗan, har ya zauna a kan layi. To haka jiki yake yi dare da rana ba tare da ya tambaye mu ba.

Ga wasu daga cikin layukan da yake tsarewa. Zafin cikin jiki yana zama kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko ana hunturu ko ana bazara. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, wato kamar ledar fiya wata goma. Sukarin da ke yawo a cikin duk jinin nan bai wuce kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Zuciyar da ke hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti, numfashi kuma sau 12 zuwa 20.

Ma'aikata uku ne ke wannan aiki, kuma mun san irinsu a kasuwa. Akwai yarinyar da ke tsaron rumfa, ita ce take ganin gishiri ya kusa ƙarewa. Akwai uwar ɗaki, wadda ake kai wa labari ta yanke shawara. Akwai ɗan dako da ake aikawa ya ɗauko buhu. A jiki, masu gani su ne wasu ƙananan jijiyoyi da ke fata, da cikin manyan hanyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya, da cikin ƙwaƙwalwa ita kanta. Uwar ɗaki mafi yawan lokaci ƙwaƙwalwa ce. 'Yan aike su ne zuciya, huhu, ƙoda, hanta da kafofin gumi. Abin lura shi ne, da buhu ya iso, yarinya takan daina kira, ɗan dako ya huta. Gyara yana kashe kiran da ya jawo shi. Zafi ya hau, a yi gumi, zafi ya sauka, gumi ya tsaya. Wurare kaɗan ne jiki yake yin akasin haka, kuma mata sun san ɗaya: naƙuda. Kan jariri yana danna bakin mahaifa, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ke ƙara matse mahaifa, matsewar ta ƙara danna kan, haka abin zai yi ta ƙaruwa sai an haihu.

To, bari mu bi mace ɗaya daga inda motar kaya ta sauke zuwa rumfarta, da kwando a ka. Tun kafin a ɗora mata, zuciyarta ta fara sauri, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta aika cewa aiki na tafe. Da ta fara tafiya, tsokar ƙafa da ta baya suna ƙona abinci su sami ƙarfi, ƙonawar nan kuma tana cin iskar oksijin tana fitar da iskar kabon. Iskar kabon ɗin tana taruwa a jini, masu gadi su ji ta, sai numfashi ya ƙara zurfi da sauri don a fitar da ita. Zuciyar da take tura kusan lita 5 na jini a minti ɗaya idan ana zaune, a aiki mai tsanani tana iya tura lita 20 ko fiye. A cikin minti biyu zuwa uku, in nauyin bai fi ƙarfinta ba, bugun zuciya da numfashi sukan sami wani sabon layi su zauna a kai. Shi ya sa farkon tafiya da kaya ya fi wuya, can gaba sai ki ji jiki ya saki. In kuwa tafiya ta yi nisa haki yana ta ƙaruwa bai zauna ba, to kayan sun fi ƙarfin sikeli. A sauke, a raba biyu.

Abin da ya fi ba mu mamaki a aji shi ne rabon jini. Jini ba ya ƙaruwa don kin ɗauki kaya, lita 5 ɗin nan ce dai. Saboda haka jiki rance yake yi, kamar yadda mukan ciro daga kuɗin shinkafa mu cika na manja. Idan mutum yana hutawa, tsoka tana samun kusan kashi 20 cikin ɗari na jinin da zuciya ke turawa. A aiki mai tsanani rabonta yakan haura kashi 80. Daga ina aka ranto? Daga hanji da ƙoda. Hanyoyin jininsu sukan tsuke, na tsoka su buɗe. Ƙwaƙwalwa ce ba a taɓa rabonta. Kun ga dalilin da ya sa in mutum ya cika ciki da tuwo ya tashi nan take ya kama taɓarya, sai ya ji ciki ya yi masa nauyi. Rance ne mai kyau muddin za a biya, biyansa kuwa hutu ne da ruwa.

Yanzu mu zo kan zafi, domin nan ne abin yake kashe mutane. Daga ƙarfin da tsoka take samu a abinci, kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka yake zama aiki, sauran duk zafi yake zama. Mai daka murhu ce da kanta, ga kuma rana a sama, ga wutar kasko a gaba. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da yake auna zafin jini. In ya ji ya hau, yakan ba da umarni biyu: a kai jini kusa da fata don ya sha iska, kuma a buɗe kafofin gumi.

Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Randar ƙasa ta koya mana wannan tun muna yara: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don masu kayan gwari su adana tumatir da alayyahu ba wutar lantarki, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In kika naɗe randa da leda, ruwanta ba zai yi sanyi ba. Haka jikinki yake a cikin yadi mai santsi irin na roba. Mu zaɓi mayafi da hijabi marasa nauyi, masu shan iska, musamman ranar aikin wuta. Kuma mu lura da lokacin da damina ta kusa sauka, iska ta yi nauyi da laima. A lokacin gumi yana zuba shaɓe-shaɓe amma ba ya bushewa, wato ana asarar ruwa ba a samun sanyi. Da hunturu kuwa gumi yana bushewa tun kafin ki gan shi, sai ki ɗauka ba ki yi ba, alhali ruwa ya tafi.

Mai aikin ƙarfi a rana tana iya zubar da lita ɗaya ta gumi a awa ɗaya, wani lokaci fiye. Ruwan nan daga jini ake fara ɗebo shi. Jini ya ragu, ga tsoka tana neman rabonta, ga fata tana neman nata, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Masana sun ce idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfinsa na aiki yakan fara raguwa. Mun yi lissafin a allo: mace mai kilo 60, lita ɗaya da ɗan ɗori ke nan, bai kai ledar fiya wata uku ba. Iyayenmu sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ashe har a asibiti maganar tana nan.

Jiki ba ya yin shiru a kan wannan. Ƙwaƙwalwa tana aika wa ƙoda wani sinadari cewa ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari yake raguwa ya yi duhu kamar shayi. Tana kuma tayar da ƙishirwa. Launin fitsari ma'auni ne da ba a saye: in ya yi haske, lafiya lau, in ya yi duhu, ana binki bashi. Sai dai a nan akwai maganar da muke jin nauyin faɗa a gaban maza, amma dole a faɗe ta. Da yawa daga cikinmu da gangan muke ƙin shan ruwa a kasuwa, saboda babu makewayi mai tsabta da mace za ta shiga da mutuncinta. Muna wuni muna hana ƙoda aikinta don kunya. Sannan iyayenmu tsofaffi, da girma ƙishirwa takan rage yi musu magana, suna iya bushewa ba su ji ba. Kada mu jira su nema, mu miƙa musu. Mai shayarwa ita ma ruwanta biyu yake fita, ta gumi da ta nono. Ita ce za ta ƙara sha. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi ko da ana zafi.

Idan aka ƙi biyan bashin nan, abin yana zuwa mataki-mataki. Farko tsoka ta ƙulle, kai ya yi ciwo, jiri, tashin zuciya, kasala. A wannan mataki, inuwa da kwanciya da ruwa sukan wadatar. In gumi ya zuba da yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri, ko a sayi na leda a kemis. Mataki na gaba shi ne wanda ake tsoro. Zafin ciki ya haura digiri 40, sikelin kansa ya lalace, ƙwaƙwalwa ta rikice. Sai ki ga mace tana sambatu, ba ta gane mutane, tana tangaɗi, ko ta faɗi tana jijjiga, jikinta zafi rau. A kasuwa nan da nan sai a ce iska ce ta taɓa ta, a yi mata da'ira, a toshe mata iskar ma. Iyayenmu, addu'a ba ta hana zuba ruwa. A kai ta inuwa, a sassauta tufafi, a yi ta kwara mata ruwa a jiki ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa ta a hanya. Wadda ba ta cikin hayyacinta ba a ɗura mata ruwa a baki, zai iya bi ta huhu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mahajjata fiye da 1,300 ne suka rasu. A watan Afrilun shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48 da rabi.

Akwai wata suma kuma da ba ta kai wannan haɗari ba, ta mai doguwar tsayuwa wuri ɗaya. Jini yana taruwa a ƙafafu, domin tsokar sharaɓa ce take matsa shi ya koma sama, in ba ta motsi ba ta matsawa. Mai tsayuwa gaban kasko ta riƙa ɗaga dunduniya tana saukewa, mai dogon zama kuma ta miƙe a hankali.

Mu taɓa sukari kaɗan. Cokali ɗaya da ke cikin jini ba zai kai mai aiki ko'ina ba, don haka hanta ce asusun jiki. Bayan cin abinci, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi tana sakin sinadarin insulin, shi yake sa a kwashe rarar sukari a ajiye. In ana aiki ko ana azumi, gaɓar nan ta saki wani sinadarin daban da ke ce wa hanta ta fasa asusu. Tsokar da ke motsi tana jan sukari daga jini cikin sauƙi, shi ya sa ake ce wa masu ciwon sukari su ɗan taka bayan cin abinci. Amma mai shan maganin sukari ko mai yin allura, in ta yi aiki mai nauyi ba ta ci komai ba, sukarinta na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa. Ta riƙa yawo da ƙwayar sukari ko alewa, kuma maƙwabciyar rumfarta ta san halin da take ciki. Kafin watan azumi ta je ta ga likita. Mu sauran kuwa, in azumi ya zo da zafi, mu tura aikin ƙarfi zuwa sanyin safiya, mu sha ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa-baki har sahur. In aka kwankwaɗa shi lokaci ɗaya, ƙoda za ta zubar da mafi yawansa.

Gishiri kuma a yi hattara. Don mun ce yana fita a gumi, ba a ce a ƙara shi a miya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Gishiri yana riƙe ruwa a jini, ya ƙara wa zuciya kaya. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Mu da muke kula da 'ya'yanmu in sun haihu, mu sassauta. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan, sai an auna. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, a je asibiti. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ta bi maganarsa a kan tamu.

Kada wata ta tashi daga nan ta ce aiki ne abokin gaba. Jiki yana koyo. In aka ɗan girgiza sikelin aka bar shi ya huta, yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da. Zuciyar mai motsa jiki tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yawan gudu. Mai aiki a zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ruwan jininta yana ƙaruwa, guminta ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinsa ya ragu. Sai dai sabon nan yana zubewa cikin 'yan makonni in an daina. Wadda ta dawo daga jego ko jinya, da yarinyar da aka kawo rumfa karon farko, kada a ɗora musu cikakken kaya ranar farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu atamfa da kayan koli, ku da kuke wuni a zaune, taku matsalar ita ce sikelin ba ya samun mai girgiza shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ki sauka daga A Daidaita Sahu kafin a kai bakin kasuwa ki ƙarasa da ƙafa, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Ga roƙon ajinmu ga shugabanni. A sa randa mai murfi da moɗa mai tsabta a kowane layi da 'yan ƙungiya suke, mu riƙa cika ta bi da bi. A cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon jini guda ɗaya, 'yan ajinmu sun iya karanta lamba yanzu, za mu riƙa auna kowa ranar taro muna rubutawa. Shugaba ta jagorance mu zuwa wurin sarkin kasuwa a kan maganar makewayin mata, mu je da yawanmu, da takarda a rubuce. Sannan kowace ta san ciwon maƙwabciyar rumfarta da lambar wayar gidansu. Ku kuma mazajenmu da 'ya'yanmu, in kuka ga mace ta dawo kasuwa ta zauna ta yi shiru, ku miƙa mata ruwa kafin ku tambaye ta abinci.

Ƙofar ajin a buɗe take ga duk wadda ba ta shigo ba tukuna. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, Ya kai mu baɗi da rai.